Kafin Makulli Ya Sauya Hannu: Jawabi a Kan Hayar Gida a Daura



An ɗora mini nauyin in yi magana a kan hayar gida, watau alamun da ya kamata ɗan haya da mai gida su lura da su tun kafin kuɗi ya bar hannun wannan ya shiga aljihun wancan. Na san a zauren nan akwai masu ganin maganar ta yi ƙanƙanta a tara 'yan jami'a dominta, alhali ga siyasa ga tattalin arziki suna jira. To, amma in muka dubi kanmu, da wuya a sami mutum guda a nan wanda ba zai kama haya ba nan da shekara biyu ko uku, ko dai wajen bautar ƙasa, ko kuwa ran da aka ba shi takardar kama aiki aka tura shi garin da bai san kowa ba. Kuɗin hayar shekara kuwa shi ne kuɗi mafi tsoka da ƙaramin ma'aikaci yake tarawa ya miƙa wa mutum ɗaya a rana ɗaya. In ya salwanta, gumin watanni ne ya tafi, wani lokaci har da bashin da aka ciwo. Har ila yau, da yawa cikinmu iyayenmu ko kawunnanmu ne suke da gidajen da ake hayar, mu ne kuma ake kira mu rubuta musu rasit. Ke nan maganar ta shafe mu ta fuska biyu. Zan ɗauko misalaina daga Daura, tun daga unguwarmu ta Kusugu har zuwa sababbin unguwannin bayan gari, amma na tabbata mutumin Katsina ko Zariya ko Kano zai ga garinsu a ciki.

A da can Daura ba garin haya ba ne. Baƙo in ya zo sauka yake yi. Falke yana da fatomansa, almajiri yana da zauren malaminsa, wanda kuma ya zo da niyyar zama sai an kai shi gaban mai unguwa, an san daga inda ya fito da abin da ke tafe da shi. Hausawa sun tafi da wannan tsari har Kurmi. A unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, masu gida su ne suke saukar da fataken shanu da na goro, su tsaya musu a ciniki, su kuma lamunci wanda aka ba bashi. Babu takarda, babu sa hannu, amma akwai sanayya. Kowa ya san kowa, wanda ya ci amana kuwa ba shi da inda zai sa kansa.

Yau al'amarin ya sake. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 ma'aikata suka soma yawaita, amma babban sauyin ya zo ne a shekarun da marigayi Muhammadu Buhari ya yi yana shugabancin ƙasa, daga 2015 zuwa 2023. A 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, a shekarar aka buɗe asibitin sojojin sama, a ƙarshenta kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka shata zai bi ta Daura. Ga Kwalejin Yusufu Bala Usman da makarantar koyon aikin lafiya da suka riga su zuwa, ga ma'aikatan kwastan da na shige da fice da ke aiki a kan iyakar Kwangwalam, ga 'yan kasuwar da ke hulɗa da Mai'aduwa. Duk waɗannan bayin Allah suna bukatar inda za su sa haƙarƙarinsu, kuma mafi yawansu ba su da ɗan'uwa a garin.

Saboda haka yau baƙo ne ke kama haya a hannun wanda bai sani ba, tsakaninsu kuma sai dillalin da dukkansu ba su san shi sosai ba. Sanayyar da ta tsare kakanninmu ta ja baya, rubutu da shaidun da ya kamata su maye gurbinta kuwa har yanzu kunyarsu muke ji. Bahaushe gani yake in ya ce wa dattijo, "Baba, a rubuta," kamar ya ce masa bai yarda da shi ba ne. Mun saki tsohuwar hanya, ba mu kama sabuwa ba, a wannan ratar ce rigingimun haya suke ƙyanƙyashewa. In kun lura, alamun da zan ambata kusan duk uwarsu ɗaya: mutum ba ya so a tambaye shi, ba ya so a rubuta, yana kuma so a yi maza a gama. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wadda ba za ta yi kyau ba ma haka.

Bari in fara da mai neman haya, tun da mu ne mafi yawa. Mu kan yi gaggawar tambayar "nawa ne?" alhali tambayar da ta kamata ta riga ta ita ce "na wane ne?" Ba na zagin dillalai. Dillanci tsohuwar sana'a ce, akwai masu gaskiya a cikinta, kuma baƙo ba zai iya bin lungunan Sarkin Yara ko Ubandawaki yana ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya-ɗaya ba. La'adar da aka saba a galibin garuruwa kashi 10 ne cikin 100. In hayar naira 200,000 ce, dillali ya tashi da 20,000, halaliyarsa ce. Amma aikin dillali shi ne ya haɗa ka da mai gida, ba ya shiga tsakani ya raba ku ba. Da zarar ka ce a kai ka wurin mai gida aka ce ya yi tafiya, ko yana Abuja, ko ba ya son a dame shi, kuma aka ƙi ba ka ko da lambar wayarsa, to ka ja da baya. Haka in aka ce ka tura kuɗi a asusun banki, ka ga sunan da ya fito ba na mai gidan ba ne, ba kuma na wakilin da shi da bakinsa ya nuna maka ba. Haka in aka ce makulli yana hannun wani, ka leƙa ta taga kawai. Wanda ya fi duka shi ne a turo maka hotunan ciki da falo ta WhatsApp, kana Zariya ko Sakkwato, a ce ka turo kafin alƙalami a ajiye maka. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Akwai kuma jimlar nan da kowane ɗan damfara ya haddace: "Wasu mutum biyu suna hanya da kuɗinsu, ni dai kai na ga ka dace." Lokacin da aka fi jin ta shi ne lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai, sa'ad da yaro ya sauka a tasha da jakarsa, rana ta yi yamma, ba shi da wurin kwana. Wanda ke cikin wannan hali shi ne ake karɓe wa kuɗi, ya zo ranar tarewa ya tarar da wasu biyu kowa riƙe da rasit na ɗaki ɗaya. Shawarata ita ce gara ka kwana uku a ɗakin aboki ko a masauki ka biya, da ka biya hayar shekara a daren da ka sauka. In kuma kuɗin ya yi araha ƙwarai fiye da na maƙwabta, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa.

Yanzu zan zo kan abin da a ganina ya fi kome cin mutane a tsofaffin unguwanni irin Kusugu, kuma ba damfara ba ce irin wadda aka saba ji. Ina nufin gidan gado. Dattijo ya rasu ya bar gida, ya bar 'ya'ya goma sha wani abu, ɗakuna daban-daban. Ba a raba gado ba, don ana jin nauyin juna, ko don wasu magadan suna ƙanana, ko suna Legas ko Damagaram. Sai ɗaya daga cikinsu, galibi babban wa ko wanda ya rage a gidan, ya fasa ƙofa ta waje, ya gyara sashe guda ya sa haya. Shi a ransa bai yi ƙarya ba da ya ce gidansu ne. Amma kafin a raba, kowane magaji yana da haƙƙi a kowane taku na gidan, mata da maza, har da jinjirin da ke goye. Na ga wani malamin makaranta da ya biya shekara guda, ya yi fenti, ya sa ƙyaure, ya kawo amarya. Bai cika wata huɗu ba sai ga sammaci, wata ƙanwar wanda ya ba shi hayar ta kai ƙara a raba musu gado. Da aka zo rabo, sashen da yake ciki ya faɗa a kason wani, wanda kuma ya karɓi kuɗin ya riga ya cinye. Babu wanda ya yi niyyar cutarsa, amma ya cutu.

Alamun gidan gado ba su da wuyar ganewa in mutum ya buɗe kunne. Za ka ji ana cewa "gidan marigayi wane." Za ka ga wanda ke ba ka hayar yana cewa kada ka biya kowa sai shi, ko kada ka gaya wa mutanen ciki nawa ka biya. Za ka ga matan gidan ba su san da zuwanka ba. Duk wanda ya ga haka, ya tambaya kai tsaye: an raba ko ba a raba ba? In an raba, akwai takardar kotu ko ta waɗanda suka yi rabon. In ba a raba ba, sai manyan magada su sa hannu, ko su wakilta mutum ɗaya a rubuce. Wanda ya fusata don an yi masa wannan tambaya, fushin nasa ya riga ya ba ka amsa.

A nan ina so in gyara wata fahimta da ke yawo tsakanin 'yan boko. Tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, wasu sun ɗauka duk gidan da ba shi da takardar mallaka mai sa hannun gwamna abin tuhuma ne. A sababbin filaye na bayan gari, inda aka yanka aka sayar jiya-jiya, lalle neman takarda yana da amfani. Amma a cikin gari akwai gidajen da zuriya ɗaya take zaune a cikinsu tun kafin zuwan Turawa, ba su da ko fallen takarda, mallakarsu kuwa ta fi ta mai takarda ƙarfi. A irin wannan wuri takardarka ita ce mai unguwa, da limamin masallacin unguwa, da mai shayin bakin layi. Minti goma a kan bencin mai shayi zai gaya maka wane ne mai gidan, da dalilin da ya sa wanda ya riga ka ya tashi. Wannan tambaya ta ƙarshe kada a manta da ita. Gidan da 'yan haya uku suka bari cikin shekara biyu, ba ukun ne duk miyagu ba.

Sai shi kansa ginin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba lalle ya faɗa maka ba, musamman in da rani ka zo. Ka ɗaga kai ka dubi silin; tabon ruwa ba ya ɓuya, sai dai in an shafe shi da sabon fenti, sabon fenti a wuri guda kuwa shi ma magana ce. Ka sunkuya ka dubi gindin bango, ko ya jiƙe yana marmashewa. In ginin ƙasa ne, ka dubi azara da indararo, ka tambayi yaushe aka yi yaɓe na ƙarshe. Ka dubi tsakar gida: ta fi titi tudu ko titi ya fi ta? Ina rariya take zubarwa? Akwai unguwannin da aka gina a kan tsofaffin kududdufai da aka cike, gida ya yi kyau a watan Maris, a watan Agusta sai an naɗe wando. In da rijiya a gidan, ka auna tazararta da masai; masana kiwon lafiya suna son a sami kamar mita 30 tsakaninsu, abin da ƙananan filayenmu na yanzu ba safai suke bayarwa ba.

Zancen ruwa kuwa, mu mutanen Kusugu bai kamata a koya mana shi ba. Labarin da aka gada ya nuna Bayajida sai da ya sauka a gidan tsohuwar nan Ayana, ya nemi ruwa, sa'an nan ya ji cewa ba a ɗiba a rijiyar sai ranar Juma'a. Shi yana da takobi, ya je ya yi maganin abin. Kai da ba ka da shi, ka tambaya tun kafin ka sauke kaya: famfo yana kawowa? Sau nawa a mako? In 'yan ga-ruwa ne, nawa ne kura? Wani gidan za ka ga ya fi wani araha, in ka lissafa kuɗin jarka na wata goma sha biyu sai ka tarar ya fi shi tsada.

Wuta ma haka. Daura tana ƙarƙashin kamfanin KEDCO, wanda ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa tun 2013. Ka nemi ganin takardar kuɗin wuta ta ƙarshe, in mita mai kati ce ka bincika ko akwai tsohon bashi a kanta. A ƙa'ida bashin wuta na wanda ya sha ne, amma ran da aka zo yanka waya kai za a tarar a gidan, kai za ka kwana cikin duhu kana neman wanda ya riga ya bar gari. In ka ga an zagaye mita da waya, kada ka yi murna ka sami wutar banza. Ran da aka kama, wanda ke zaune a ɗakin shi ake fara tambaya. Gidan da ɗakuna shida suke kan mita ɗaya kuma, a yanke yadda za a riƙa raba kuɗin tun ranar farko, don rigimar "wane yana da firji, wance tana girki da hita" ta raba maƙwabta da yawa.

Akwai wata alama guda da ke zuwa cikin rigar alheri. Mai gida ya ce, "Ka gyara da kuɗinka, ma cire a haya." In ba a rubuta abin da za a gyara da abin da za a cire ba, ka ɗauka sadaka ka yi. Haka wanda ya nace sai ka biya shekara biyu a dunƙule. A Legas dokar haya ta 2011 ta haramta karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga hannun sabon ɗan haya, ta kuma ɗora laifin a kan mai karɓa da mai bayarwa duka. Ko a inda babu irin wannan doka, ma'aikacin gwamnati ya tuna cewa takarda ɗaya daga Katsina ko Abuja tana iya ɗauke shi daga Daura zuwa Funtuwa cikin mako guda. Wa zai maido masa da kuɗin wata goma sha takwas?

To, jama'a, kada a ce na zo yi wa masu gidaje taron dangi. Mai gida ma yana cikin haɗari, wani lokaci nasa ya fi namu. Mu kuɗin shekara muke sa wa a ciki, shi kuwa sau da yawa tsohon ma'aikaci ne da ya zuba kuɗin sallamarsa kaf a ginin, ko kuwa gwauruwa ce da marayu, hayar nan ita ce tuwonsu. Abin mamaki shi ne ɗan hayar da ya fi kamata ya tsorata mai gida shi ne wanda ya fi faranta masa rai a ranar farko: bai yi tayi ba, bai duba masai ba, bai tambayi ruwa ba, ya zaro kuɗin shekara biyu a leda ya ajiye. An tambaye shi sana'a, ya ce "harkoki." An nemi katin shaida, ya ce yana wata jakar. Ba ya son a kai shi wurin mai unguwa, ya fi sha'awar gida mai doguwar katanga a ƙarshen layi, kuma ya ce sai da dare zai kawo kaya. Mutumin da zai zauna da iyalinsa a wuri dole ya damu da ruwa da makewayi. Wanda bai damu ba, a tambayi kai abin da zai yi da gidan.

Ba tsoro nake ba ku ba. A ranar 1 ga Mayu 2019 aka sace Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a nan cikin gari, bayan wata biyu aka kuɓutar da shi. Ba a dokar daji aka same shi ba, a wani gida ne a ƙaramar hukumar Kumbotso, a gefen birnin Kano. Miyagu ma ɗaki suke nema kamar kowa. Doka kuwa ba ta ƙyale mai gida ba. Dokar yaƙi da damfara ta 2006, wadda hukumar EFCC take aiki da ita, ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ga wanda ke kula da gida ya bari, da saninsa, aka mai da shi wurin damfara. Dokar hukumar NDLEA ita ma ta tanadi hukunci mai tsanani ga wanda ya bari ana ɓoye miyagun ƙwayoyi a gidan da ke hannunsa. Ko da a ƙarshe an gane ba ka sani ba, kafin a gane ka sha zirga-zirga, gidan kuma yana garƙame.

Sauran alamun na yau da kullum ne. Wanda ya nuna maka saƙon banki a wayarsa ya ce ya turo, kada ka ba da makulli sai ka ga kuɗin a naka asusun, don saƙon bogi ya zama ruwan dare. Wanda ya ce wa ƙanensa yake kama wa, a kawo ƙanen a gan shi, sunansa ya shiga takarda. Wanda ya zo yana zagin tsohon mai gidansa tun daga zaure, ya kuma ƙi faɗin unguwar da ya baro, ka san kai ne na gaba. Mu ɗalibai kuma, mu faɗa wa kanmu gaskiya: mutum biyu ke zuwa kama ɗaki, kafin jarrabawa sun zama bakwai, wani ma ya sayar da gurbinsa ga wanda mai gida bai taɓa gani ba. Wannan ba wayo ba ne, shi ke sa a ƙi ba na bayanmu.

Amma akwai abin da masu gidaje suke ɗauka alama ce, alhali ba ita ba ce. Kasancewar mutum gwauro, ko mace ma'aikaciyar asibiti da ba ta da aure, ko ɗan bautar ƙasa daga Inugu ko Binuwai, ba laifi ba ne. Gwamnati ce ta turo su, yawancinsu 'ya'yanmu suke koyarwa, marasa lafiyarmu suke dubawa. Wanda yake da wurin aiki sananne, da shugaban da za a iya zuwa wurinsa, ya fi amintuwa sau goma a kan mai babbar riga da carbi wanda ba a san inda yake wuni ba. In mai gida yana da sharuɗɗa, kamar lokacin rufe ƙofa ko shigowar baƙi maza gidan matan aure, haƙƙinsa ne, amma ya faɗe su tun kafin ya karɓi kuɗi, kada ya bari sai an tare ya riƙa fito da su ɗaya-ɗaya.

Ga masu jin nauyin rubutu, ina tuna musu cewa ba Bature ya kawo shi ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta shar'anta a ambaci wa'adi a kuma ambaci kuɗi, ta nuna in gida ya rushe kafin wa'adi ya cika hayar abin da ya rage ta warware. A mazhabar Malikiyya kuma mutuwar mai gida ko ta ɗan haya ba ta rushe yarjejeniyar. Magada ne suke ci gaba da ita har wa'adi ya cika. Dubi yadda wannan hukunci zai ceci matar da mijinta ya rasu da sauran wata bakwai a hayarsu. Amma da me za ta nuna wa alƙali saura wata bakwai, in babu takarda?

Takardar ba sai mai shafi goma ba. A rubuta sunan mai gida da na ɗan haya, da unguwa, da adadin ɗakuna, da kuɗi, da ranar shiga da ranar ƙarewa. A faɗi wanda zai gyara rufi da wanda zai yashe masai. A faɗi abin da za a yi in an yi wa ɗan haya canjin wurin aiki. A faɗi yaushe za a iya ƙara kuɗi, da tsawon sanarwar da za a bayar. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ga ma'aikata, domin kuwa iyayenmu suna ba da labarin yadda kaya da haya suka tashi da aka biya kuɗin Udoji a 1975, mu ma mun ga irinsa bayan janye tallafin man fetur a 2023 da ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024. Albashi bai shigo hannu ba, labarinsa ya riga ya isa kunnen mai gida. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa. In gida ne babba ko shago mai tsada, a je wurin lauya.

Daga ƙarshe, maganar rabuwa, don zo mu zauna zo mu saɓa ne. Mai gidan da tun a zaman farko yake alfahari cewa shi ba ya zuwa kotu, in ya gaji da mutum kwano yake cirewa ko ya watso kaya waje, ya gaya maka yadda naka ƙarshen zai kasance. Dokokin karɓar gida daga hannun ɗan haya da ake aiki da su a Abuja da galibin jihohi sun tsara cewa, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biya mako-mako a ba shi notis na mako guda, mai biya wata-wata na wata guda, mai biya shekara-shekara kuwa na wata 6. In notis ya cika bai tashi ba, sai a ƙara masa na kwana 7, sa'an nan a tafi kotu, kotu ce kuma za ta fitar da shi. Wanda aka rubuta masa tsayayyen wa'adi, in wa'adin ya cika, na kwana 7 ɗin kaɗai ya rage masa, saboda haka ɗan haya ya karanta takardarsa kada ya dogara da wata shidan da ba shi da su. Wannan ƙa'ida ta hana ɗaukar doka a hannu ba talaka kaɗai ta hau ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da gwamnatin soja ta Jihar Legas saboda ta tura mutane ɗauke da makamai sun fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali maganar tana gaban shari'a. In gwamna bai isa ba, mai gida huɗu a Tudun Wada bai isa ba. Ɗan hayar kuma da ya zo yana taƙama cewa ya san doka, ko ya daina biya sai ya ƙara wata shida kyauta, mai gida ya maida masa kuɗinsa tun a zaure. Kotu tana iya tilasta shi biyan kuɗin duk kwanakin da ya ƙara, amma kafin nan an sha wahala.

Ranar karɓar makulli, ku zagaya gidan tare, mai gida da ɗan haya da shaida ɗaya. A ɗauki hoton kowane ɗaki da waya, a rubuta lambar da mita take nunawa, a ƙirga ƙwayayen fitila da makullai. Sa'an nan, kafin a sauke katifa, a je a gai da mai unguwa a gaya masa an yi baƙo.